Nauyin Waliyyi Lukas

Litinin, 2 ga Satumba, 1658

Mun iso Rangash. Wani ƙauyen kuma a kan wani dutsen, da coci mai jinkar ciyawa da karnuka masu fuskar yunwa. Fada Leandro a kan alfadari, ni a ƙasa da akwatin littattafansa a gadon baya. Shekaru ke nan ina bin wutsiyar dabbar nan, na san ta fiye da fuskar 'yata Sisa.

Ya sake cewa wannan ne na ƙarshe. In an gama binciken Rangash zai sa hannu a takardar sallamata in koma garinmu Yukay. Haka ya ce bara. Amma wannan karon ya dafa gicciyen wuyansa, kuma a faɗi gaskiya, Fada ba ya wasa da wannan.

Tari ya dawo.

Laraba, 4 ga Satumba

An tara mutane a dandali. Shi ya faɗa, ni na juya musu da harshensu. Fada ya iya harshenmu na littafi, amma na mutanen dutsen nan sai su, kamar suna tauna tsakuwa. Ni ma sai da na yi shekaru kafin kunnena ya buɗe. Saƙon dai shi ne na kowane gari: ku nuna kogon da kuke ajiye kakanninku, kuna kai musu masara da giya, kuna neman ruwan sama a wurinsu.

Ba wanda ya nuna kogon. Da aka watse wani ƙato mai tsagaggen leɓe, Tomas Libyak, ya sha gabana.

"Akun Fada! Da safe masara yake ba ka, ko abin da alfadari ya rage?"

Na ce, "Abin da ya rage. Shi ya sa na fi ka ƙiba."

Aka yi dariya, amma ba da ni aka yi ba. A wurin Turawan Sifen ni ɗan ƙasa ne da wayonsa ya yi yawa, a wurin 'yan ƙasa ni karen Turawa ne. Dukansu su je can su ƙarata.

Asabar, 14 ga Satumba

An ƙone gawawwakin kakanninsu yau.

Bulala ta sa wani ya nuna hanya. Aka sauko da su daga kogo, a zaune, gwiwa a haɓa, cikin zannuwan da ko matar gwamna ba ta taɓa ɗaura irinsu ba. Busassu, marasa nauyi, mutum ɗaya yana rungumo biyu. Aka jibge a dandali aka sa wuta.

Wani tsoho, Tayta Rikari, ya tsaya a bakin wutar yana kiran sunan kowanne da aka jefa. Ba kuka, ba ihu. "Wannan shi ya haƙa magudanar da kuke shan ruwanta. Wannan ita ta kawo mana irin jan dankali." Matarsa Mama Kolke tana riƙe da hannunsa. Fada ya tambaye ni me yake cewa, na gaya masa daidai. Ya ce a bar shi.

Toka a kogi. An kafa gicciye a bakin kogon.

Ni Kirista ne. An yi mini baftisma tun ina jariri, na san addu'o'in da wasu Turawan ba su sani ba, kuma na yi imani da su. Na rubuta wannan ne don in gan shi a rubuce, domin warin hayaƙin ya ƙi barin rigata.

Talata, 17 ga Satumba

Mai ɗiban mutane zuwa ramin ma'adinai ya zo neman maza. Fada ya fito da sandarsa ya kore shi har bakin gada, yana cewa rabin gidajen garin nan zawarawa ne, sauran wa kake so? Da yamma ya kai bargonsa gidan wata mai zazzaɓi ya dawo yana rawar ɗari.

Abin da ke ba ni haushi da shi ke nan. Da mugu ne da na huta.

Juma'a, 27 ga Satumba

Wani ya tsegunta wa Fada, sai ya sa aka tone kaburburan da ke ƙarƙashin daɓen coci. Duwatsu. Ciyawa a ɗaure kamar mutum. A wani ma ƙashin lama, dabbar dakon kayansu, aka samu. Shekara da shekaru limamin cocin garin yana yi wa ciyawa addu'a, su kuwa sun kwashe matattunsu sun kai dutse. Ashe akwai wani kogon bayan wanda aka ƙone, kuma wannan karon bulala ba ta buɗe bakin kowa ba.

Na fita waje na yi tari don kada a ga fuskata. Ban ce dariya na yi ba.

Fada ya sa maƙeri ya yi doguwar sandar ƙarfe mai tsini. Daga yau duk Litinin za a soka ta a kowane sabon kabari a ji ko mai shi yana nan. Wa zai soka? Wa kuwa, in ba ni ba. Mabuɗin coci ma an rataya mini a wuya.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Tayta Rikari ya rasu. Tun ranar wuta bai ƙara cin abin kirki ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

An binne shi kusa da ƙofa, a miƙe, hannu a ƙirji, aka mayar da ƙasa aka daddaɓe da ƙafa. Duk dukan da aka yi wa ƙasar sai Mama Kolke ta runtse ido kamar ita ake taka wa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ina wanke rigar Fada a rafi Mama Kolke ta zo da tulunta ta zauna a dutsen kusa da ni.

"Ɗana, kai ke da mabuɗi."

Na ce, "Mama, ɗebi ruwanki ki wuce."

"Kullum sai mijina ya zo mini a mafarki. Kolke, ƙasa ta danne mini ƙirji, ko juyawa ba na iyawa. Mutumin da ko bargo biyu ba ya yarda a lulluɓa masa!"

Na gaya mata abin da aka koya mini, cewa gawa ba ta jin nauyi, rai yana wurin Allah.

"Ka taɓa mutuwa?"

Na ce a'a.

"Fadan naka fa?"

Ta ce su ba su hana shi zuwa wurin Allahn Turawa ba, ya je. Amma ya je a zaune kamar mutum, iska tana taɓa shi, yana hango gonarsa. Na lissafa mata abin da zai biyo baya in an kama ta: a aske mata kai a dandali, a yi mata bulala, a kai ta gidan tsaro a babban birni Lima, shi kuma a ƙone shi kamar sauran.

Ta kamo farin kitsonta. "Wannan? Ƙwarƙwata ce kawai za ta yi zaman makoki."

Har ta ɗauki tulu sai ta juyo. "Uwarka fa, tana ina?"

Na ce ta rasu ina kan hanya, tana ƙarƙashin cocin Yukay, dab da bagade, wurin manya.

"Wayyo, baiwar Allah," in ji ta. Ta tafi.

Tsohuwar banza. Ni gida zan tafi. Ban bi alfadari duk shekarun nan don wata gawa ta tare mini hanya a gangaren ƙarshe ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Tarin nan ba ya barin in kwanta rigingine. Da na miƙe sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. A zaune nake barci yanzu, jingine da bango, gwiwa a sama.

Ba wata ma'ana. Tari ne.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na soka sandar a kabarin Rikari. Yana nan. Hannu yana jin sa'ad da tsinin ya taɓa mutum, kuma ba abin da zan so in bayyana ba ne. Mama Kolke tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Ba ta zage ni ba. Gara ta zage ni.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Gobe bikin Waliyyi Lukas, waliyyin garin. Za a ɗauki mutum-mutuminsa a kan karaga har bakin kogon da aka ƙone, inda sabon gicciye yake, a roƙi ruwan shuka. Dabarar Fada ce, don su saba hawa dutsen saboda Almasihu.

Da hantsi aka zo kiran Fada wurin wani mai jinya a unguwar ƙasa. Yana tafiya mata suka iso da ƙwaryar laka da tsintsiya, wai al'ada ce a sabunta daɓen coci a yi wa waliyyi ado kafin biki. Tomas Libyak yana tare da su, wai shi zai ɗaga musu kaya masu nauyi. Na buɗe musu. Aikin mai mabuɗi ke nan, buɗewa.

Sai na tuna alfadarin Fada ba shi da ciyawa. Ciyawa mai kyau kuwa tana can nesa, bayan gada. Sai da rana ta karkata na dawo. Daɓe sumul, coci sai ƙamshin ganyen dutse da suka watsa ko'ina, har yana hawa kai.

Ban ga komai ba. Ciyawa na je yanka.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Karagar akwatin katako ce mai sanduna biyu, an rufe ta da jan zane har ƙasa, waliyyi yana tsaye a kai da littafinsa. Na san irin waɗannan waliyyan, da ɓargon itace da danƙo ake yin su, mace ɗaya za ta iya saɓawa. Amma tun daga ƙofar coci na ga jijiyar wuyan masu ɗauka ta tashi.

Fada a gaba da gicciye, turaren wuta yana tashi, ganga da sarewa, mata a baya suna waƙa. Mama Kolke tana tafe dab da karagar, hannunta a kan zanen, kamar mai raka wanda ya daɗe bai fita ba.

A tsakiyar hawa wani dattijo cikin masu ɗauka ya durƙushe, numfashi ya ƙare masa. Karagar ta karkata, mata suka yi ƙara. Fada ya waiwayo.

"Baltasar, sa kafaɗa!"

Na sa.

Nauyin ya sauko mini har tafin ƙafa. Kuma a ƙarƙashin turare da ganye akwai wani abin da hanci ba ya kuskurewa. Tomas yana gabana, bai ko juyo ba ya ce ƙasa-ƙasa, "Waliyyi ya yi ƙiba bana, akun Fada. Addu'a ta karɓe shi."

Na ce, "Rufe tsagaggen bakinka ka daidaita ƙafa."

Kalma ɗaya ce tsakanina da Yukay. In ɗaga murya in ce Fada, duba. Shi ke nan, in ga Sisa kafin girbi, in zauna a inuwar masara in ji ɗumi ya shiga ƙashina. Na buɗe baki ma, wallahi na buɗe. Sai muka kai kwanar da iska ke bugowa daga kwari, ta ɗaga jan zanen ta gefena. Na ga ƙafa. An naɗe ta da sabon saƙi mai ratsin rawaya, an ɗaure da kyau, irin ɗaurin da ake yi wa wanda ake so. A daidai lokacin Fada ya juyo zai gyara zanen da hannunsa.

Na cafke bakin zanen na danne da ƙuguna, na ɗaga murya da waƙar yabon Maryama, da ƙarfi, har tari ya nemi kashe ni. Fada ya yi murmushi ya kama waƙar ya ci gaba da tafiya. Murmushin nan ya fi nauyin ciwo.

A sama aka ajiye karagar bayan wasu duwatsu, wai kada iska ta kayar da waliyyi. Fada ya tsaya a gindin gicciye ya yi wa'azin tashin matattu, ni a gefensa ina juyawa, bayanmu ga duwatsun. Ban ƙara masa ko kalma ba, ban rage ba. Na dai yi a hankali, saboda tari. Mutanen Rangash ba su taɓa sauraron wa'azi haka ba, ido ƙur a kanmu, ba mai ko ƙiftawa gefe.

Da za mu sauko, waliyyi ya zama kamar kwandon ulu. Tomas ya dinga nishi yana layi kamar mai ɗauke da sa, har sai da na ce masa, "Kai, rage, ka fiya zaƙewa."

Mama Kolke ba ta cikin masu saukowa. Sai gefen magariba na hango ta tana shigowa gari da ƙunshin itace a baya, tana tafiya kamar budurwa.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ranar sanda. Fada ya tsaya a kan kabarin Rikari ya daɗe yana kallon sabon daɓen. Ba wawa ba ne. Ya miƙo mini ƙarfen.

Na ce ba zan ƙara sokar matattu ba.

Ya ce me na ce? Na maimaita da harshensa, da nawa, don mutanen da suka taru a ƙofa su ji.

Sai ya soka da kansa. Bai taɓa riƙe sandar ba sai yau. Ta shige salin-alin har ta daki dutse.

"Wa ya yi?"

"Mabuɗi a wuyana yake, Fada."

"Ina aka kai shi?"

"Ban gani ba." Wannan kam gaskiya ce tsantsa.

Ya sa aka kawo Mama Kolke ya ce in tambaye ta. Na ce daga yau ba ni da baki. Ya gwada da harshensa na littafi, ita kuwa ta saki nasu na dutse a guje, tana ba shi labarin yadda ƙwaro ya ci mata dankali bara. Bai kama ko ɗaya ba. Ya duba jama'a ko akwai mai juya masa, kowa ya zama dutse. Tomas ya cusa bakin mayafinsa a baki yana kallon jinka.

Talata, 22 ga Oktoba

Ya kira ni ɗakinsa. Takardar sallamata tana kan tebur, ya riga ya rubuta, sa hannu kawai ya rage. Ashe da gaske yake.

"Baltasar, ɗana, ka sayar da ranka saboda gawa. Su jahilai ne, kai fa? Nuna mini hanya kawai, in sa hannu yanzu."

Na ce, "Fada, na yi imani da tashin matattu kamar yadda ka yi. Wanda zai iya tashe shi daga ƙarƙashin daɓe ba zai rasa shi a kogo ba."

Ya ce ba a nan matsalar take ba, za su kai masa masara, za su roƙe shi ruwa, za su mai da shi abin bauta. Mai yiwuwa ya yi gaskiya. Na ce masa Mama Kolke dai mijinta ta sani, kuma kun ɗauke musu maza, kun ɗauke gonaki, kun ɗauke kakanni, ku bar mata wannan ɗaya.

Sai ya yage takardar, a hankali, idonsa ya yi ja. Ban sunkuyar da kai ba. Shekarun nan duk ban san launin idonsa ba sai yau.

Laraba, 23 ga Oktoba

An yi mini aski da bulala a dandali. Ba zan iya zama in yi rubutu ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Ruwa ya sauko, hanyoyin dutse sun fara lalacewa, Fada ya tafi ba tare da ya sami kogon ba. Hukuncina: in zauna a Rangash ina sharar coci da kaɗa ƙararrawa har sai abin da hali ya yi. Zai iya tura ni Lima a ɗaure, bai yi ba. Mama Kolke ba a taɓa ko gashinta ɗaya ba, don ba shaida. Ya bar mini sabon bargonsa da kwalbar maganin tari, bai yi mini sallama ba.

Fada zai ce Waliyyi Lukas ne ya kawo ruwan. Su za su ce Rikari ne. Ni na ɗauki duka biyun a kafaɗa ɗaya, ba zan raba musu gardama ba.

Sisa. Ban san da wane baki zan aika mata ba.

Tomas ya zo da maiƙon lama ya shafa mini a baya da hannunsa mai kama da faifan dutse. "An fige aku," in ji shi. "Kwanta, ɗan'uwa, kada ka motsa." Na ce uban wa ne ɗan'uwansa. Ya ƙara danna wurin da ya fi ciwo.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ranar tunawa da matattu. Kowa ya kawo gurasa da kyandir ya ajiye a kan kabarin nasa a coci. Mama Kolke ta ajiye nata a kan ramin da ba kowa, ta durƙusa, fuska a ɗaure kamar limamiya. Da ta fito ta zuba mini gasasshiyar masara a tafin hannu.

Tari ya turnuƙe ni a gabanta, akwai ɗan jini. Ta gani. Ban roƙe ta komai ba, kada wata rana in karanta wannan in ce na roƙa. Cewa kawai na yi, ƙirji ne ya lalace, amma gwiwoyina har yanzu suna lanƙwasuwa sosai.

Ta dube ni daga sama har ƙasa kamar masaƙiya tana auna zane.

"Kai ba ka da nauyi, ɗana. Waliyyi ko ji ba zai yi ba."

Ni Kirista ne.

Na ci rabin masarar. Sauran na ajiye a kan katangar coci, ta ɓangaren da ke kallon Yukay, inda uwata take kwance. Ta tsuntsaye ce.